Sunanmu, jirgin wasu: Waiwaye kan haɗurran Nigeria Airways da jirgin alhazan da bai iso Sakkwato ba

A safiyar Alhamis 11 ga Yulin 1991, wani jirgin sama ƙirar DC-8 ya tashi daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda zai nufi Sakkwato. Mutum 261 ne a cikinsa: fasinjoji 247, mafi yawansu alhazan Najeriya da suka sauke farali kusan mako uku kafin ranar, sai ma'aikata 14. Kimanin minti goma kawai ya yi a sama. Ya faɗi yana ci da wuta, saura ƙasa da kilomita uku ya kai titin sauka na filin da ya baro. Babu wanda ya tsira.

A lokacin ba a yi Jihar Kebbi ba. Sai bayan kwana 47, ranar 27 ga Agusta, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke ta daga Jihar Sakkwato. Saboda haka maniyyacin Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega ko Kamba, filin jirgin Sakkwato ne ƙofarsa ta zuwa Makka, nan kuma 'yan uwa ke cika motoci su je tarbarsa idan ya dawo. Daga Argungu tafiyar kusan kilomita 100 ce, daga Birnin Kebbi kusan 150. Shi ya sa ƙasar Gwandu da ƙasar Kabi suka karɓi labarin a matsayin rashin cikin gida.

Lambar tafiyar, 2120, ta Nigeria Airways ce, kamfanin jiragen sama na ƙasa. Amma jirgin da matuƙansa da makanikansa duk na Nationair ne, wani kamfani na ƙasar Kanada. Haka ma abin yake shekara 18 kafin nan a Kano, inda mutum 176 suka rasu a jirgin alhazai da Nigeria Airways ya yi shata daga Jodan.

Idan aka haɗa biyun, rayuka 437 ke nan. Manyan haɗurra biyar da jiragen kamfanin na ƙashin kansa suka yi tsakanin 1969 da 1995 kuwa, kimanin mutum 170 suka ci. Ke nan mafi munin abin da ya faru ƙarƙashin sunan Nigeria Airways ya faru ne a jiragen haya, a lokacin jigilar alhazai, kuma a kan mutanen Arewa da sauran Musulmin ƙasar nan ya faɗa.

Giwa mai fikafikai

An kafa kamfanin a 1958, bayan da aka raba kamfanin haɗin gwiwa na ƙasashen Afirka ta Yamma rainon Ingila, wato WAAC. Da farko gwamnatin Najeriya na da kashi 51 cikin 100, sauran na hannun BOAC na Ingila da kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster. A 1961 gwamnati ta saye hannun jarinsu duka, a 1971 kuma aka tabbatar masa da sunan Nigeria Airways. Tambarinsa giwa ce mai fikafikai, launinsa kore da fari. A ganiyarsa, wajen shekarun 1980, yana da jirage kusan 30, yana zuwa Landan da New York da Jidda da manyan biranen Afirka.

Aikin Hajji ne ke zame masa babbar kasuwa, shi ne kuma babban ciwon kansa. Kakanninmu ta ƙasa suke bi, ta Borno da Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, wasu su yi shekaru a hanya. Da jirgin sama ya zo, kuɗin man fetur kuma ya shigo hannun jama'a a shekarun 1970, sai adadin maniyyata ya yi tashin gwauron zabo. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, a 1977 kuma alhazan Najeriya suka haura 100,000.

Babu kamfanin da zai sayi jiragen da za su kwashe wannan taro cikin 'yan makonni, sannan ya ajiye su wata goma suna shan rana. Dole a yi haya. Ita hayar ba laifi ba ce, ko'ina a duniya ana yi. Akwai wadda ake ba ka jirgi tsura ka zuba naka ma'aikatan, akwai kuma wadda ake kawo maka jirgi da matuƙa da makanikai da inshora, kai dai ka sa lambarka ka zuba fasinja. Ta biyun ce aka fi yi a aikin Hajji. Matsalarta ɗaya: wanda alhaji ya sani da suna daban, wanda ke duba taya da birki daban, hukumar da ke sa ido kan mai duba tayar kuma tana can wata nahiya.

Kano, 22 ga Janairun 1973

Jirgin ƙirar Boeing 707 ne na kamfanin Alia, wanda yanzu ake kira Royal Jordanian. Ya ɗauko alhazai daga Jidda zai kai su Legas, mutum 202 har da ma'aikata. Rashin kyawun yanayi a Legas ya sa aka karkatar da shi zuwa Kano. Tsakiyar hunturu ne, ga hazo ga iska mai ƙarfi.

Wajen sauka ƙafafun jirgin suka karye, ya juya ya bar titi, wuta ta kama. Mutum 26 ne kawai suka fita da rai. A ranar babu wani haɗarin jirgin sama a tarihin duniya da ya kai shi cin rayuka.

Abin da ya biyo baya shi ne jifan juna da laifi. Ɓangaren Jodan ya ce titin saukar ne ke da matsala, ɓangaren Najeriya ya ce matuƙin ne ya yi ganganci. Duk wanda ya taɓa ba da hayar mota ta yi haɗari ya san wannan gardamar. Bambancin kawai, a nan gwamnatoci biyu ne ke yi, a kan gawarwaki 176.

Jiragensa na kansa ma sun faɗi

Kada a ɗauka cewa jiragen haya kaɗai ke faɗuwa. Haɗari na farko mai muni ya auku ne ranar 20 ga Nuwamban 1969, ana cikin yaƙin basasa. Jirgin VC10 da kamfanin ya saya daga BOAC ƙasa da wata biyu kafin nan ya taso daga Landan, ya yada zango a Roma da Kano, sannan ya bugi itatuwa yana shirin sauka Legas. Duka mutum 87 suka rasu.

Na 1 ga Maris 1978 ya fi kusa da mu, domin daga Sakkwato jirgin ya taso. Fokker F28 ne, yana gab da sauka Kano ya yi karo da jirgin yaƙi MiG-21 na rundunar sojin sama da ke atisayen sauka da tashi a filin. Mutum 16 na jirgin fasinja da sojoji biyu duk suka mutu. Jirage biyu na gwamnati ɗaya, a sararin fili ɗaya.

Ranar 28 ga Nuwamban 1983 wani Fokker F28 daga Legas ya faɗi kafin ya kai titin sauka a Inugu cikin hazo, mutum 53 daga cikin 72 suka rasu. A Janairun 1987 kuma wani ƙaton DC-10 ya wuce ƙarshen titi a Ilori lokacin horar da matuƙa, ya ƙone. Wannan dai asarar dukiya ce, ba a rasa rai ba.

Minti goma a Jidda

Haɗarin 1991 ya cancanci a tsaya a kansa, domin bincikensa ya fito da komai fili, kuma abin da ya fito da shi mai faci a bakin tashar Argungu zai fahimta ba sai an yi masa dogon bayani ba.

An ƙera jirgin a 1968, yana da shekara 23. Nationair ya ba Nigeria Airways hayarsa da ma'aikatansa, shi kuma ya miƙa shi ga wani kamfani mai suna Holdtrade Services domin kai alhazai da dawo da su. Hannu uku ke nan kafin a zo kan alhajin da ya sayar da shanu ko shinkafar fadama ya biya kujera.

Kwana huɗu kafin haɗarin, makanikan Nationair sun auna tayoyin jirgin, suka ga biyu daga cikinsu iskarsu ba ta kai ƙa'ida ba. Ba a ƙara musu iska ba. Daga baya masu binciken takardu sun gano cewa an sake rubuta alƙaluman da ke takardar dubawa, aka mayar da su yadda za su nuna komai lafiya.

An shirya canza tayoyi a Akara, babban birnin Gana, kwana ɗaya kafin ranar. Sai saƙo ya zo daga manajan da Nationair ya ɗora kan kwangilar cewa a gaggauto a dawo Jidda, domin an yi latti kuma ana neman kwashe musu fasinja a ba wasu kamfanoni. Aka bar aikin tayar.

Da safiyar ranar 11, fasinjoji sun riga sun shiga, babban makanike ya nemi a kawo iskar naitirojin ya ƙara wa taya. Mai karatu zai ce me ya hana a buga mata iska irin ta kowa? Tayar babban jirgi ba a cika ta da iskar da muke shaƙa, saboda idan ta yi zafi ƙwarai iskar na iya taimaka wa wuta ta tashi daga ciki. An ga haka a 1986 a Meziko, inda tayar wani Boeing 727 da aka cika da iskar gama-gari ta fashe a sama, mutum 167 suka mutu. To a Jidda an ce tukwanen naitirojin da ke kusa babu komai a ciki, nemo wasu kuma zai jawo jinkiri. Manajan ya ce a bar shi. Binciken bai samu wata shaida da ke nuna an sanar da matuƙan halin da tayar ke ciki ba.

Tayoyin jirgi bibbiyu suke a kan ƙarfe ɗaya. Idan ɗaya ta yi sanyi, nauyinta kan koma kan 'yar uwarta, ita kuma ta riƙa lanƙwasa fiye da kima tana ɗaukar zafi. Ga jirgi cike da mutane da kaya da mai, ga doguwar tafiya a kan kwalta kafin a kai bakin titin tashi, ga zafin Jidda na watan Yuli. Jirgin na fara gudu, tayar da ke ɗauke da nauyin biyu ta fashe. Jim kaɗan mai sanyin ita ma ta bi. Ƙarfen taya ya riƙa gurzar kwalta har ya yi jajir, ragowar robar ta kama da wuta.

Matuƙan sun ji ƙara, har sun yi zancen ko taya ce ta fashe, amma kyaftin ɗin, William Allan, tsohon matuƙin sojin saman Kanada, ya ci gaba da tashi. Daga inda suke zaune ba sa ganin tayoyin, kuma jirgin ba shi da na'urar da ke sanar da wuta a ramin da tayoyi ke shiga. Da suka ɗaga sai suka naɗe ƙafafun jirgin kamar yadda aka saba. Da hannunsu, ba da saninsu ba, suka shigar da wuta cikin cikin jirgin, kusa da wayoyin lantarki da bututun man haidirolik da ke juya fikafikai, kusa kuma da tankin mai.

Daga nan abubuwa suka fara lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Na'urar daidaita iskar cikin jirgi ta daina aiki. Man haidirolik ya tsiyaye. Ma'aikacin ɗakin fasinja ya shigo ya ce hayaƙi ya turnuƙe baya.

A nan wani abu ya faru da ya nuna yadda sunan aro ke rikita mutane. Da kyaftin ya kira masu kula da zirga-zirgar jirage, sai ya ambaci sunan Nationair maimakon sunan Najeriya da aka yi wa tafiyar rajista da shi. A daidai lokacin wani jirgin Saudia shi ma ya kawo ƙarar matsalar iskar cikin jirgi. Jami'in da ke hasumiya ya ɗauka da na Saudia yake magana, aka yi kusan minti uku a haka. Masu bincike sun ce wannan ruɗanin bai canza sakamakon ba. Duk da haka abin lura ne cewa a lokacin tashin hankali, bakin matuƙin sunan kamfanin da ke biyansa albashi ya kama.

Wutar ta cinye daɓen ɗakin fasinja. Tun jirgin na da nisan kilomita 18 daga filin aka fara samun gawarwakin da suka faɗo daga cikinsa, kuma abin ya tsananta da aka sake buɗe ƙafafun domin sauka, iska ta samu hanyar hura wutar. Matuƙan sun yi iya ƙoƙarinsu, sun juyo da shi har suna hangen titi. Ya faɗi saura mita 2,875.

Manajan da ya ce a tafi da makaniken da ya nemi naitirojin duk suna cikin jirgin, duk sun mutu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba mugunta ba ce. Mutane ne da suka raina taya mai sanyi, kuma matsin kwangila ya sa jinkiri ya fi ba su tsoro. A ganina wannan ya fi mugunta haɗari, domin mugu ɗaya ne a cikin dubu, amma ma'aikacin da ake ce wa yi sauri kada a ƙwace mana aiki yana kowane kamfani.

Har yau babu haɗarin DC-8 da ya kai wannan muni, babu kuma na wani kamfanin Kanada da ya kai shi. An tantance gawarwakin tara daga cikin ma'aikata 14. Fasinjojin kuwa, rahoton ya nuna ba a yi yunƙurin tantance su ba. A harabar filin jirgin Toronto akwai wurin tunawa da wannan haɗari. Nationair ya durƙushe a 1993.

Ƙaddara da sakaci

A ƙasar Hausa, wanda ya rasu a hanyar dawowa daga Hajji ana yi masa kyakkyawan zato, kuma wannan zato shi ya riƙe iyalai da dama. Babu mai jayayya da ajali. Sai dai malamanmu ɗin da suka koya mana yarda da ƙaddara su ne suka koya mana cewa tawakkali ba ya hana ɗaukar mataki, kuma amana abin tambaya ce. Wanda ya canza alƙalami a takardar duba taya ya ci amana, ko da kuwa kwanan mutanen ya ƙare.

Tambayar da ta fi dacewa da mu ita ce ta ɓangaren Najeriya. Kamfanin ƙasa ya sa lambarsa a kan jirgin da ba shi ke gyara shi ba. Alhajin Gwandu ko na Augie bai san Nationair ba, bai san Holdtrade ba. Gwamnati ya sani, ita ya ba kuɗinsa. A tsarin irin wannan haya, alhakin lafiyar jirgi na kan mai shi da hukumar ƙasar da aka yi masa rajista. Haka doka ta ce. Amma wanda ya zaɓo kamfanin, ya tsara jadawalin da babu sararin numfashi a cikinsa, ya kuma bar barazanar ƙwace fasinja tana yawo a kan makanikai, shi ma yana da nasa kason.

Shekarun gangara

Bayan 1991 kamfanin bai sake miƙewa ba. Ranar 25 ga Oktoban 1993 wasu matasa huɗu suka yi fashin jirginsa ƙirar Airbus A310 da ya taso daga Legas zuwa Abuja, suna neman gwamnatin riƙo ta Cif Ernest Shonekan ta sauka saboda soke zaɓen 12 ga Yuni. Jirgin ya sauka Yamai, babban birnin maƙwabciyarmu Nijar, domin shan mai, nan kuma ya tsaya. Bayan kwana uku jami'an tsaron Nijar suka kutsa ciki. Ma'aikaci ɗaya ya rasu, matasan kuma suka yi shekaru a gidan yarin Nijar.

Ranar 19 ga Disamban 1994 wani Boeing 707 na ɗaukar kaya, shi ma daga Jidda zuwa Kano, ya kama da wuta a sama ya faɗi a fadamar Kiri Kasamma a ƙasar Haɗeja. Uku daga cikin mutum biyar suka rasu. Bincike ya danganta wutar da wani abu mai haifar da zafi da ke cikin ɗaurin yadudduka. 'Yan kasuwarmu masu cusa abin da aka hana a tsakiyar kaya su riƙe wannan.

Sai 13 ga Nuwamban 1995, lokacin da Boeing 737 da ya taso daga Yola ta Jos ya wuce ƙarshen titi a Kaduna ya kama da wuta. Mutum 11 daga cikin 138 suka rasu.

Bashi ya yi wa kamfanin katutu, jirage suka riƙa lalacewa babu kuɗin gyara. Gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Obiora Nwazota kan yadda aka tafiyar da dukiyarsa, a 2003 kuma aka rufe shi. A ƙarshen rayuwarsa jirgi ɗaya ya rage masa a zirga-zirgar cikin gida, tafiyar waje kuma da jiragen haya yake yi. Dubban ma'aikatansa sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu, a 2018 kuma gwamnatin Buhari ta saki wani kaso.

Rufe shi bai kawo ƙarshen makoki a wannan yanki ba. Ranar 29 ga Oktoban 2006 jirgin kamfanin ADC mai zaman kansa ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Abuja zuwa Sakkwato, mutum 96 na cikinsa suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa Sanata Badamasi Maccido da mataimakin gwamnan Sakkwato Garba Muhammad. Haɗurran 2005 da 2006 ne suka tilasta gyara. Dokar sufurin jiragen sama ta 2006 ta ƙara wa hukumar NCAA 'yanci, aka kuma kafa hukumar binciken haɗurra mai cin gashin kanta, wadda a yanzu ake kira NSIB. A shekarar ce kuma aka kafa hukumar alhazai ta NAHCON.

Daga Ambursa

Yau alhajin Kebbi ba ya buƙatar zuwa Sakkwato. Filin jirgin Sir Ahmadu Bello yana Ambursa, a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, kuma daga nan ne Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da tashin farko na alhazan Najeriya ranar 15 ga Mayun 2024, tare da Gwamna Nasir Idris. Kamfanin Flynas na Saudiyya ne ya ɗauki alhazan Kebbi. Shi da Max Air da Air Peace aka amince wa jigilar wannan shekarar.

Gaskiya ita ce tafiyar ta fi ta 1991 aminci nesa ba kusa ba. Manyan jiragen zamani suna da na'urar jin zafi da wuta a ramin taya, da yawansu kuma suna nuna wa matuƙi iskar kowace taya da zafin birki a gabansa. Kafin a ba kamfani kwangila ana tantance shi, da wakilan NCAA a ciki, hukumar jiragen sama ta Saudiyya ma tana da nata sharuɗɗan. Tun bayan Jidda ba a sake yin asarar alhazan Najeriya irin wannan a jirgin sama ba.

Amma abubuwa biyun da suka haɗu suka kashe mutum 261 suna nan. Har yanzu lokacin Hajji kamfanoni na ƙara jiragen haya domin nasu ba sa isa. Har yanzu Saudiyya na da ranar rufe filayenta ga maniyyata, kuma kowane kamfani na da lokacin sauka da tashi da aka ware masa, wanda in ya kuɓuce sai an sake nema. Taya ma ba ta daina ba da matsala ba: a watan Mayun 2023 wani Boeing 737 na Max Air da ya taso daga Yola ya samu matsalar taya wajen sauka Abuja. Babu wanda ya rasu, kuma a watan Yulin shekarar NCAA ta dakatar da jiragen kamfanin na wannan ƙira na wani lokaci. Dakatarwar alama ce mai kyau, ta nuna akwai mai cewa a tsaya.

A nan mu ma fasinjoji muna da hannu. Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci sansanin alhazai ya san yadda rai ke ɓaci idan an ce jirgi ya yi latti, balle a Jidda bayan guzuri ya ƙare, kowa na ɗokin gida. Ana zanga-zanga, ana kiran gidajen rediyo, ana ɗora bidiyo a Facebook. Wani jinkirin sakaci ne tsagwaronsa, ya kamata a yi magana a kai. Wani kuwa makanike ne ya ce ba zai sa hannu ba sai an canza wani abu. Haƙƙin alhazai ne a gaya musu wanne ne daga ciki, kuma aikin Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kebbi da NAHCON ne su faɗa. Haka nan babu abin da zai hana a sanar da maniyyata tun kafin tashi ko jirgin da za su hau mallakar kamfanin ne ko na haya, daga wace ƙasa, kuma wa ke gyaransa. Wanda ya biya miliyoyin naira kuɗin kujera bai yi rashin kunya ba idan ya tambaya.

Batun sabon kamfanin ƙasa kuma bai mutu ba. An gwada Virgin Nigeria daga 2005, ya rikiɗe ya zama Air Nigeria, ya tsaya a 2012. A Yulin 2018 ƙaramin ministan sufurin jiragen sama Hadi Sirika ya bayyana suna da tambarin Nigeria Air a bikin baje kolin jirage na Farnborough a Ingila. Daga baya aka zaɓi Ethiopian Airlines na Habasha ya riƙe kashi 49 cikin 100, kamfanonin cikin gida suka garzaya kotu. Ranar 26 ga Mayun 2023, saura kwana uku gwamnatin Buhari ta sauka, wani Boeing 737 ya sauka Abuja da fentin Nigeria Air, aka yi biki. Ba a daɗe ba ta bayyana cewa jirgin na Ethiopian Airlines ne, da rajistar Habasha, kuma ya koma inda ya fito. Ministan da ya gaje shi, Festus Keyamo, ya dakatar da shirin, a Agustan 2024 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta soke yarjejeniyar.